Bindigar Auta

Allura biyu ne a bakin Yaya, tef ɗin awo zagaye da ƙugun wata mata da ta kawo ɗinki, lokacin da maganar ta faɗo.

"Ni dai kullum ina sa ƙaninki a addu'a," in ji matar, hannuwanta a ɗage sama. "Ko da yake wasu sun ce wanda ya yi wa kansa irin wannan aika-aikar, ba a... to, Allah dai Shi ne masani. Ki ɗan sassauta min nan, na ƙara jiki."

Yaya ta sassauta tef ɗin. Ta duba lambar, lambar ta narke a idonta kamar an zuba mata ruwa. Ta zare allurai daga bakinta a hankali, don ta ji tana neman haɗiye su, ta soke su a gefen mayafinta. A shagon nan mai ɗan faɗi kamar akwati, inda yadudduka suke rataye daga sama har ƙasa, babu wurin da mutum zai juya ya ɓoye fuskarsa.

"Ki dawo jibi," ta ce.

"Ba ki auna hannu ba."

"Na san hannunki."

Da matar ta fita, Yaya ta zauna gaban keken ɗinki, ta ɗora ƙafa a kan mataki, ta kasa dannawa. Watanni ke nan da binne Auta, ƙaninta, ɗan sanda mai muƙamin kofur, wanda ya fara yin soja kafin ya koma aikin 'yan sanda. Watanni ke nan unguwa tana tauna magana ɗaya, wai da bindigarsa ya kashe kansa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta da bakin ƙaryatawa. Ita ma haka ta yi zato. Ta riga kowa ma yin zaton.

* * *

Da dariya Auta ya tafi soja, gemu bai gama tsiro masa ba. Ya tsaya a ƙofar shagon ya ƙame, ya sara mata, ya ce, "Yaya tela, ki tanadi yadi mai yawa. In na dawo sai kin haɗa biyu kafin ki rufe ƙirjin nan."

Da ya dawo bayan shekaru a fagen daga, yadi ɗaya ma sai da ya yi saura.

Bai rasa hannu ba, bai rasa ƙafa ba, don haka kowa ya ce ya dawo lafiya. Amma in murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida, sai ka ga Auta a ƙasa, ya rufe kai da hannuwa. Ba ya zama inda zai ba ƙofa baya. Yana dariya har yanzu, sai dai dariyar takan yanke a tsakiya, kamar zaren da ya tsinke ana cikin ɗinki. Ya bar soja ya shiga ɗan sanda, ya ce a nan aƙalla da mutane zai riƙa magana, ba da daji ba. Aka tura shi wani ofis can ƙarshen gari, sai ranar hutu yake zuwa gida. Duk zuwan da zai yi, da wandon kaki a leda, Yaya ta rage masa ƙugu.

Wata rana da hantsi yana zaune a kan bencin shagon, ya buɗe tafukan hannunsa yana kallonsu kamar na aro.

"Yaya, hannun nan ban yarda da shi ba."

"Me ya yi maka?"

"Ya iya abin da ni ban so ya iya ba." Ya yi murmushi. "Kar ki damu. Wata rana zan huta."

Ta kai wa Baba maganar. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya cinye ƙuruciyarsa a kan hanya, ya yi imani babu gajiyar da barci da haƙuri ba sa warkarwa. Ya ce, "Namiji ne, zai warware. Uwata, kada in ji maganar nan a waje. So kike a ce ɗana ya taɓu, a raba shi da aikinsa, a hana shi aure?"

Suka rufe maganar, suka zauna a kanta.

Ranar da aka kawo gawarsa, wani jami'i mai baƙin tabarau ne ya tsaya a ƙofar gida, mota tana jiransa ba a kashe ta ba. Ya ce an same shi shi kaɗai a wani lungu, bindigarsa a gefensa, harsashi ɗaya a ƙirji. Ya ce ana bincike. Yaya ta dubi Baba, Baba ya dube ta, kowa ya karanta abu ɗaya a fuskar ɗan'uwansa. Ba su tambayi komai ba, don tsoron kada a amsa musu a gaban mutane. Maƙwabta kuwa sun ji abin da aka faɗa, sun kuma ga shirun da ya biyo baya, suka haɗa biyun suka tafi da shi.

Ana dawowa daga maƙabarta Baba ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Abokan aikin Auta sun zo gaisuwa, ya ce a gaya musu ba ya nan. Suka sake zuwa, ya ce ba ya son ganin kaki. Tun daga ranar, in ya idar da salla ya ɗaga hannu, Yaya tana jinsa yana jero waɗanda suka riga mu gidan gaskiya: iyayensa, matarsa, abokan tuƙinsa da hanya ta cinye. In ya iso inda sunan Auta ya kamata ya shiga, sai ya yi tari, ya shafa.

Wannan tarin ne yake kashe ta a tsaye.

* * *

Washegarin zuwan matar nan aka kira ta a waya. Wata murya ta ce a zo a kwashe kayan marigayi, an kawo sabon ma'aikaci yana buƙatar kabad ɗin.

Ba ta gaya wa Baba ba. Ta hau mota ta sauka, ta sake hawa wata, har ta isa unguwar da ba ta taɓa takawa ba. Ofishin 'yan sandan dogon gini ne da fentinsa ya kwaile, gabansa jerin motocin da suka yi hatsari, ciyawa ta tsiro ta cikin tagoginsu. A ciki fanka tana juyawa da ƙyar, tana kuka kamar an tilasta mata. Bayan kantar karɓar ƙara wata 'yar sanda ce zaune, ƙatuwar mace mai igiya uku a hannun riga, tabarau a rataye a wuyanta, tana ɓare lemo da farce.

"Baiwar Allah, ƙara kika kawo ko beli?"

"Kaya aka ce in zo in ɗauka, ranki ya daɗe. Na kofur ɗin da ya rasu. Ƙanina ne."

Sajan ta ajiye lemon. Ta ɗora tabarau a hanci, ta ƙare mata kallo, sai fuskarta ta buɗe gaba ɗaya.

"Ke ce Yaya tela? Innalillahi! Ke ce yayar Mai Sanda?" Ta zagayo kantar, ta kama hannuwanta biyu da hannunta mai ƙanshin lemo. "Ya ishe mu da labarinki. Ya ce ba don ke ba da tuni wandonsa ya faɗi a filin fareti. Zo, zo ciki, nan ba wurin zama ba ne."

Ta ja ta zuwa wani ɗan ɗaki mai kabad-kabad na ƙarfe a jere, ta karkaɗe mata benci da hular kanta. Ta buɗe ɗaya ta fara fito da kaya: takalma an goge su suna ƙyalli, kofin shan shayi mai tsagagge baki, ƙaramar rediyo, rigar sanyi. Yaya tana karɓa tana sawa a jaka, ba ta yarda ta shinshina ko ɗaya ba, don ta san in ta yi ba za ta iya tashi ba.

"Mai Sanda ke nan," in ji Sajan, tana girgiza kai tana murmushi. "Kullum in na zo wucewa ta nan sai na ji kamar zai ce, 'Uwar ɗakina, an kwana lafiya?'"

Murmushin ya soki Yaya. A gidansu ko sunansa ba a ambata, a nan kuma har da laƙabi ake masa.

"Me ya sa kuke ce masa haka?"

"Au, bai gaya miki ba? Ai bindigarsa ce. Sanda ce kawai yake ratayawa." Sajan ta zauna kusa da ita, bencin ya yi ƙara. "Kin ga, duk safiya kafin a fita sintiri, kowa zai je ɗakin makamai ya karɓi bindiga da gidan harsashinta. Shi ma zai karɓa kamar kowa. Amma da mun shiga mota sai ya zare gidan harsashin, ya ja bindigar ya duba babu ko ɗaya a ciki, ya miƙo min gidan harsashin. 'Uwar ɗakina, ajiya.' In jefa a jakata, ya yini tare da man shafawa da makullin gida. In mun dawo da yamma in ba shi ya mayar. Tun ranar da aka haɗa mu aiki haka yake yi. Yara suna tsokanarsa, wai in ɓarawo ya zo sai dai ya ƙwala masa a ka. Shi kuma ya ce ai ya fi sauƙin neman gafara."

Yaya ta ji kamar an toshe mata kunne. Ƙarar fankar ta yi nisa.

"Kullum?"

"Kullum ta Allah."

"Har... har ranar?"

"Har ranar. Ni da hannuna na mayar da shi ɗakin makamai a cike, ina kuka kamar ƙaramar yarinya."

Tambayar da Yaya ta riƙe watanni a ƙarƙashin harshe ta fito da kanta, cikin wata murya ƙarama da ba ta san tana da ita ba.

"To da me ya harbi kansa?"

Sajan ta juyo gaba ɗaya. "Ya me?"

"An ce an same shi shi kaɗai. Bindigarsa a gefensa."

"La'ilaha illallahu!" Sajan ta dafe ƙirji. "Wa ya gaya muku wannan magana? Abin da kuke zaune da shi ke nan? Shi ya sa tsohon ya ƙi ganinmu? Mu da muke cewa fushi yake da mu don mun kasa kare masa ɗa!"

Ta cire tabarau ta share ido da bayan hannu, sannan ta ba da labarin a jere, kamar mai ba da shaida. Da hantsi ne aka kira su, 'yan fashi sun shiga wani shagon magani a bayan kasuwa. Suka isa, ɓarayin suka watse. Ita da sauran suka bi babban titi, Auta ya yanka ta lungu. A can ya yi kiciɓis da ɗaya daga cikinsu, matashi ne, ƙwaya ta cika masa kai, da ƙaramar bindiga a hannu, lungun kuma ba ya ɓullewa. Wata tsohuwa da tagarta take kallon wurin ta ga komai. Ta ce ɗan sandan ya sauke bindigarsa ƙasa, ya buɗe hannuwa, yana tafiya a hankali yana cewa, "Ajiye, ƙanina. Na san yadda ake ji bayan an yi. Ba za ka so ba." Ta ce har matashin ya fara sauke hannu, sai wani mai babur ya danna ƙaho a bakin lungun, ya firgita.

"An kama shi bayan kwana kaɗan," in ji Sajan. "Yana gidan yari yana jiran shari'a. Ya amsa da bakinsa. Ba wanda ya zo ya gaya muku?"

"Ba wanda ya zo."

"Wanda ya kai muku gawar daga babban ofis aka turo shi, bai ma san yadda aka yi ba. Shi aka ce zai koma muku da bayani. Sai aka yi masa canjin wurin aiki." Ta yi tsaki mai tsawo. "Shi ke nan, magana ta bi shi."

Yaya ta zame daga kan bencin, gwiwoyinta suka sami siminti. Wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinta ya kwance lokaci ɗaya, har ta ji iska tana shiga wuraren da ta manta suna numfashi. "Kashe shi aka yi," ta ce. "Kashe shi aka yi, alhamdulillahi!" Ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta toshe shi da hannu, kunya da tsoro suka kama ta. Wace irin 'yar'uwa ce take godiya don an harbe ƙaninta? Amma dariya da kuka suka ƙwace mata tare, Sajan ta rungume ta, tana bubbuga bayanta tana cewa, "Yi abinki, 'yar'uwa, ba mai jinki sai ni."

Da ta natsu ta koma kan benci, ta sha ruwan da aka ba ta a kofin Auta. Sai wata tambayar ta taso, mai ɗaci.

"Ranki ya daɗe, kun san ba shi da lafiya. Kuka bar shi yana fita gaban 'yan fashi da bindiga babu komai a ciki?"

Sajan ba ta kau da kai ba. "Na kai magana sama, ba sau ɗaya ba. Na ce yaron nan a mayar da shi aikin kanta a cikin ofis, ko a kai shi ya ga likitan da ke duba damuwa. Aka ce ma'aikata sun yi kaɗan. Shugabanmu ya ce shi bai ga jini a jikinsa ba. Ya ce tsohon soja ne, irinsu ake nema a sintiri." Ta mayar da tabarau hanci. "Kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai wanda kwalba yake sha kafin ya iya barci, akwai wanda matarsa ta gudu. Naku ne ma ya samo wa kansa dabarar da ba za ta cuci kowa ba." Ta dube ta a tausashe. "Ku fa a gida, kun taɓa kai shi wani wuri?"

Yaya ta sunkuyar da kai, ta ja zik ɗin jakar.

* * *

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta isa gida. Baba yana ɗakinsa, labule a sake, yana zaune a bakin gado da carbi a hannu ba ya ja. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Uwata, ina kika shiga tun safe? Masu ɗinki sun yi ta sallama."

Ta durƙusa a gabansa, ta ajiye jakar ta buɗe. Ya ga kan takalmin ya leƙo, ya kau da fuska zuwa bango.

"Fitar min da wannan."

"Baba, ka saurare ni. Ba shi ya yi ba."

Bai motsa ba. Ta faɗa masa duka, tun daga ɗakin makamai har zuwa tagar tsohuwa. Ta gaya masa labarin jakar Sajan da man shafawa. Ta gaya masa abin da Auta ya ce wa matashin. Tana magana tana kallon bayan wuyansa, ta ga jijiyar wurin tana harbawa.

"Babu harsashi?" ya ce da bango.

"Ko ɗaya, Baba. Bai taɓa fita da shi a cikin bindigar ba."

"Matar nan ta rantse?"

"Da hannunta ta mayar. Wanda ya yi kuma yana tsare, ya amsa."

Carbin ya zame ya faɗi ƙasa. Baba ya juyo, ya buɗe baki sau biyu babu sauti. A na uku sunan ya fito, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Auta. Autana. Allah Ya jiƙanka, ɗan albarka. Allah Ya yafe mana, mu da muka yi maka zato." Ya kifa fuska a tafukan hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Yaya ta dafa gwiwarsa ta bar shi ya yi. Tunda take ba ta taɓa jin kukan da ya yi mata daɗi a kunne kamar wannan ba.

Can ya ɗago, ya share fuska da hannun riga, ya miƙe da wani ƙarfi da ta ɗauka ya ƙare.

"Ɗauko min farar rigata. Ki fitar da babbar tabarma ƙofar gida."

"Yanzu, Baba?"

"Yanzu. Ɗana ya rasu a bakin aiki, ban zauna an yi min gaisuwa ba."

Ta share ƙofar gida, ta shimfiɗa tabarmar, irin wadda mutum goma za su zauna a kai ba su takura ba. Baba ya fito da hula a kai, ya zauna can gefe ɗaya, ya tanƙwashe ƙafa, ya bar sauran wurin ga masu zuwa. Yaya ta tsaya daga cikin ƙofa tana leƙe.

Lokacin tashi daga aiki ne, titi ya cika. Mai gyaran babur na kusa da su ya zo wucewa yana tura wani babur, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Malam, ka ji ashe ba shi ya yi ba? Kashe shi aka yi, a wajen aiki."

"Wa ke nan, Baba?"

"Auta. Ɗana."

"Au! Allah sarki. Allah Ya jiƙan rai." Ya duba agogon hannunsa. "Bari in kai wannan in dawo."

Wata maƙwabciya ta tsaya, ta saurara har rabi, ta ce ikon Allah, ta leƙa ta tambayi Yaya ko gobe za ta buɗe shago. Wani ya amsa daga kan babur bai tsaya ba. Baba bai damu ba. Fuskarsa a sake take, har da ɗan murmushi, yana bin kowane mai wucewa da ido, bakinsa a shirye.

Wata iska ta taso ta naɗe ƙarshen tabarmar, can inda babu kowa. Baba ya miƙa hannu ya warware shi, ya cire takalminsa ɗaya ya danne wurin, ya koma gefensa ya zauna.